Gasa talotalo sukutum karon farko: tambayoyin da ake yawan yi mini

Da zarar watan Nuwamba ya kama, watan Bikin Godiya da Amurkawa ke kira Thanksgiving, wayata ba ta hutawa. Matan da ba su daɗe da zuwa Amurka ba, wasu amare wasu ɗalibai, sai su ga kantuna sun cika da daskararren talotalo, kowanne ya kai nauyin jaririn wata shida, ga yara sun dawo daga makaranta suna tambaya ko su ma za a gasa a gidansu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba kuku ba ce. Na dai daɗe ina gasa shi a nan Kolumbus ta jihar Ohayo, kuma biyun farko da na yi, baƙi sun ci ne don kara. Da uwargida nake magana, amma maigidan da ya ɗaura aniyar shiga kicin shi ma ya matso kusa.

Wai me ya haɗa wannan biki da talotalo?

Bikin Godiya ana yin sa ne ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana shi ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ranar a doka a 1941. Mutanen Kanada nasu Litinin ta biyu ce a watan Oktoba, a Ingila kuwa sai ranar Kirsimeti talotalo ke hawa tebur. Shi tsuntsun ɗan asalin nahiyar Amurka ne. A yankin Meziko aka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu har ya iso tsakar gidajenmu yana hura hanci. Dalilin da ya sa ya zama naman biki kuwa ba boyayye ba ne: guda ɗaya yana ciyar da gida guda da baƙinsu.

Ba babbar kaza ba ce kawai? Me zai hana in gasa shi yadda na saba?

Nan ne kowa ke faɗawa rami. Talotalon kanti, farin nan mai faɗin ƙirji, an yi ta zaɓen irinsa ne don tsokar ƙirji, har ta kai nauyinsa ba ya barinsa ya yi barbara da kansa. Wannan ƙirjin fari ne, ba kitse, kuma da zafinsa ya wuce digiri 74 na Salsiyos sai ya fara zama kamar auduga a baki. Cinya kuwa jan nama ce mai jijiya, ba ta yin laushi sai ta kai wajen digiri 80. Wato nama iri biyu ne a jikin tsuntsu ɗaya, kowanne da lokacin da yake so, kuma ƙirjin ne a sama inda wuta ta fi bugu. Kaza awa ɗaya ta nuna, bambancin bai isa ya yi ɓarna ba. Talotalo awa uku ne ko huɗu. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga gishiri har ma'aunin zafi, dabarar sasanta ƙirji da cinya ce.

Wane girma zan saya?

Ki lissafa rabin kilo ga kowane mutum, saboda ƙashi ya kwashe kaso mai yawa. A nan da laba ake awo, wadda suke kira fam, kilo ɗaya kuma ya ɗan haura laba 2. Na kilo 5 da rabi zuwa 6 da rabi, wato laba 12 zuwa 14, ya ishi mutum goma har a yi ɗumame. Karon farko kada ki wuce haka. In mutanenki sun kai ashirin, gara ƙanana biyu da ƙato ɗaya, don ƙaton kafin cikinsa ya nuna wajensa ya bushe. Kafin ki fita kuma ki leƙa firji da oben ki tabbatar zai shiga.

Ana samun na halal?

Ana samu, amma ba a ranar ƙarshe ba. Mahautan Musulmi a garuruwa irin su Diyabon ta jihar Mishigan, Miniyafolis da Niyok suna karɓar oda tun makonni kafin bikin, haka ma ƙananan shagunan Somaliyawa da Larabawa da ke unguwanninmu. Ki tambaya tun farkon wata, ki kuma tambaya ko ɗanye ne ko daskararre, don shi zai tsara miki kwanaki. Hukuncin wanda ba a rubuta halal a jikinsa ba, wannan na malamai ne, ba na kicin ba. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne girke-girken da za ki gani a intanet: da yawa suna shimfiɗa naman alade a ƙirjin, ko su zuba giya a romo. Bota ta maye gurbin na farko, romon kaza da ɗan lemun tsami su maye na biyu, ba abin da kika rasa.

Daskararre na saya. Yaushe zan fitar da shi?

Da wuri fiye da yadda kike zato. A cikin firji, kowane kilo 2 yana cin kwana ɗaya cur kafin ya narke. Na kilo 6 kwana uku ke nan, wani lokaci har da ɗori in firjinki mai sanyi ne sosai. In ranar Alhamis za a ci, ni ranar Asabar nake sauke shi daga firiza, yana cikin ledarsa, in ɗora a faranti mai zurfi a can ƙasan firji don kada ruwansa ya ɗiga a kan wani abinci. Talata da dare ya saki, in sa gishiri.

Shekarar farko da na yi, Laraba da yamma na tuna da shi. Na taɓa ƙirji na ji laushi na ce ai shi ke nan. Washegari na zura hannu ciki na ci karo da ƙanƙara kamar dutse. An ci abincin rana ƙarfe tara na dare.

Kada ki bar shi a kan teburin kicin ya kwana wai ya narke. Fatarsa za ta yi awanni cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa, alhali cikinsa bai ko motsa ba.

To na riga na makara, yaya zan yi?

Ki nutsar da shi da ledarsa a ruwan sanyi, ƙirji ƙasa, kina canza ruwan duk minti 30. Kowane kilo yana cin kimanin awa ɗaya, na kilo 6 awa shida zuwa bakwai ke nan. Wanda aka narkar ta haka a ranar ake gasa shi. Ruwan zafi ba ya cikin maganar.

Shi gishirin nan me yake yi? Ba bushe nama yake yi ba, kamar na kilishi?

Tambaya ce mai kyau, don mu mun taso muna ganin ana barbaɗa wa naman layya gishiri a shanya. Bambancin yana cikin yawan gishirin da kuma inda aka ajiye naman. Da farko gishiri yana tsotso ruwa daga tsoka, shi ya sa za ki ga fatar ta yi gumi bayan awa ɗaya. In iska da rana suka kwashe wannan ruwan, an samu busasshen nama. In kuwa yana cikin sanyin firji, ruwan sai ya narkar da gishirin, naman ya sake shanye abinsa a hankali.

Da ya shiga ciki, gishirin yana sassauta wani ɓangare na zaren tsoka. Ita tsoka idan ta ji wuta tsukewa take yi, ta matse ruwan jikinta waje kamar yadda ake matse tsumma. Wadda gishiri ya ratsa ba ta iya tsukewa da wannan ƙarfin, sai ruwan da za ta zubar ya ragu. Riba biyu ke nan: ɗanɗano ya kai har ƙashi, kuma ko kin ɗan wuce lokaci da minti goma, ƙirjin zai yafe miki. Sai dai abin yana son lokaci, don gishiri a hankali yake tafiya cikin nama mai kauri. Wanda aka barbaɗa ana shirin kunna oben a fata kawai yake tsayawa.

Tsumawa a ruwan gishiri ko shafawa a bushe, wanne ya fi?

Dukansu suna aiki, amma ni na bar tsumawa tuntuni.

Tsumawa tana sa naman ya sha ruwa ya ƙara nauyi, ya fito da danshi sosai. Amma ruwa ne ya sha, ba romo ba, shi ya sa wasu ke cewa ɗanɗanon talotalon yana yin salam. Ga wahala: bokiti mai cin lita goma sha wani abu, cike da ruwan ɗanyen nama, dole ya zauna cikin sanyin da bai haura digiri 4 ba daga farko har ƙarshe. Firjin gidan haya ba ya ɗaukar wannan sai an fitar da komai. Fatar kuma tana jiƙewa, sai an sake ba ta dare guda ta bushe kafin ta yi ƙaras-ƙaras.

Shafawa a bushe ba ta buƙatar komai sai faranti da wuri a firji. Ɗanɗanon ya fi ƙarfi, fatar ta fi soyuwa. Illarta ɗaya, tana son kwana ɗaya zuwa uku. Ga mai farawa, ita nake ba shawara.

Nawa ne awon gishirin?

Ki auna da sikeli, kada ki dogara da cokali. Gishirin da Amurkawa ke kira kosha manyan ƙwayoyi ne masu iska a tsakani, wani irinsa cokali ɗaya bai wuce rabin nauyin cokalin gishirinmu mai laushi ba. Mata da yawa sun ga an rubuta kofi ɗaya, suka zuba kofi ɗaya na mai laushi, abinci ya ƙi ciwuwa.

Na shafawa: giram 8 ga kowane kilo. Talotalo mai kilo 6 giram 48 ke nan, kusan babban cokali uku ba a cika ba na gishiri mai laushi. Ki tsane shi da takardar goge hannu, ki zura yatsunki tsakanin fata da ƙirji a hankali ki ɗaga ta ba tare da kin yaga ba, ki shafa fiye da rabin gishirin kai tsaye a kan tsokar ƙirji da cinyoyi, sauran a fata da cikin ciki. Ki rufe shi sako-sako, daren ƙarshe kuma ki buɗe shi iskar firji ta busar da fatar. Za ta yi ɗan duhu ta ɗame, kada ki tsorata, haka ake so. Ba a wanke shi bayan nan.

Na tsumawa: giram 50 a kowace lita ta ruwa. Yawanci lita 8 ke rufe shi, giram 400 ke nan. Ki narkar da gishirin a lita ɗaya ta ruwan zafi, ki cika da ruwan sanyi da ƙanƙara, sai ya huce sarai kafin tsuntsun ya shiga. Awa 12 zuwa 18 ya isa. In ya wuce kwana guda naman yana yin laushi irin na soso.

A jikin ledar an rubuta wai an riga an sa masa ruwan gishiri. In ƙara?

A'a. Yawancin daskararrun kanti, har da na kamfanin Butterball, an yi musu allurar ruwan gishiri da romo tun daga masana'anta, za ki ga an rubuta kashi nawa cikin ɗari a jikin ledar. Na kosha, wato yankan Yahudawa, shi ma da gishirinsa yake zuwa. Irin waɗannan in kika tsuma su kin ninka. Ki bar shi kawai ya kwana a buɗe cikin firji, ki shafa kayan ƙamshi marasa gishiri.

Zan iya sa kayan ƙamshinmu na gida?

Har ma sun fi. Su a nan ganyaye suke sawa, irin su tayim da rozmari, ƙamshinsu sanyi-sanyi, wanda harshen da ya saba da tsire zai ji kamar ba a gama girkin ba. Ni ina daka citta, masoro, kanumfari kaɗan, tafarnuwa da busasshen tattasai, in kwaɓa da bota mai laushi kamar giram 100, in tura ƙarƙashin fata da safen ranar gashi. Man shanu ma yana yi, ƙamshinsa har maƙwabta.

Abu biyu za ki kiyaye. Dunƙulen ɗanɗano gishiri ne mafi yawansa, in za ki sa, ki rage gishirin shafawa. Yajin ƙuli kuma ba ya jure awa uku a wuta, ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. Ki ajiye shi a ƙaramin kwano a kan tebur, kowa ya dangwala. Kimba ma a yi hankali da ita, ɗaya ta isa.

An ce kada a wanke shi. Yaya za a dafa nama ba wanki?

Na san wannan maganar ba ta shiga kunnen Bahaushiya. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana hana wanke ɗanyen naman tsuntsu ne saboda ruwan famfo ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela, watsa su yake yi a kan teburin kicin da kwanuka da ganyen salak da ke gefe. Wuta ce ke kashe su. Talotalon kanti an riga an gyara shi tas, tsanewa da takarda ta wadatar. In zuciyarki ba za ta natsu ba, ko kuma yankan gida ne mai jini da ragowar gashi, ki kwashe komai daga kusa da wurin wanki, ki wanke cikin roba ba ƙarƙashin famfo mai ƙarfi ba, sannan ki bi wurin da sabulu da ruwan zafi. Ki yi wannan kafin gishiri, ba bayansa ba.

Ranar ta zo. Daga ina zan fara?

Ki fara da zura hannu ta gaba da ta baya. Wuyan yana cikin babban rami, ƙundu da hanta da zuciya kuma suna cikin 'yar jaka da ake ɓoyewa ƙarƙashin fatar wuya. Kamata ya yi ki cire su tun ranar gishiri, amma ki sake dubawa. Ni a shekara ta biyu sai a kan tebur, gaban surukata, wuƙa ta zaƙulo jakar.

Ki fitar da shi daga firji minti 30 zuwa awa ɗaya kafin lokaci. Ki sauke ragar oben zuwa matakin ƙasa. A farantin gashi ki shimfiɗa albasa da karas manya-manya ki zuba ruwa kofi biyu, ki ɗora tsuntsun a kan raga ko a kan kayan lambun, ƙirji sama. Ki lanƙwasa bakin fukafukai ƙarƙashin baya don kada su ƙone. A cikinsa albasa guda da lemun tsami rabi sun isa. Ƙafafu in za ki ɗaure, sako-sako, don zafi ya shiga matsematsin cinya.

Ina farawa da digiri 220 na Salsiyos, wato 425 a oben Amurka mai lissafin Farenhait, na minti 30, fata ta ɗauki launi. Daga nan in rage zuwa 163, wato 325, in yanko foyil in rufe ƙirjin kaɗai, cinyoyi a buɗe. Wannan foyil ɗin shi ne inuwar da ke rage wa ƙirji gudu har cinya ta cim masa. Kada ki sauka ƙasa da 163, kuma kada ki yarda da masu cewa a bar shi ya kwana a ƙaramar wuta.

Awa nawa zai yi, kuma yaya zan gane ya nuna?

Na kilo 5 da rabi zuwa 6 da rabi, ba a cusa masa komai ba, yana cin awa 3 zuwa 3 da minti 45 a digiri 163. In kin fara da babbar wuta yadda na faɗa, ko obenki mai fanka ne, zai riga haka. Amma agogo shaidar zur yake bayarwa, don kowane oben da halinsa. Ki sayi ma'aunin zafin nama mai tsinke, kuɗinsa bai kai na talotalon ba, kuma shi ne abu ɗaya da ya raba gashina na da da na yanzu.

Ki fara dubawa bayan awa biyu da kwata. Wuri uku ake sokawa: mafi kaurin ƙirji, can cikin cinya kusa da jiki, da gindin fiffike, kada tsinken ya taɓa ƙashi. Ƙa'idar lafiya ita ce ko'ina ya kai digiri 74, wato 165 na Farenhait. Cinya ta kai 80 ya fi daɗi. In ƙirji ya kai cinya ba ta kai ba, ki fitar da shi, ki yanke ƙafafun ki mayar da su su kaɗai. Ba wanda zai kai ki ƙara.

Ɗan jan maɓallin roba da ke zuwa a ƙirjin wasu, wanda wai zai ɓullo in ya nuna, sau da yawa ba ya tashi sai ƙirjin ya riga ya wuce. Ki yi kamar ba ki gan shi ba.

In riƙa yayyafa masa romonsa?

Ba dole. Romon ba ya ratsa fata, kuma duk buɗe ƙofa zafi ne ke gudu. Ki dai duba kada ƙasan farantin ya ƙafe, in ya ƙafe ki ƙara ruwa.

Cusa shinkafa ko burodi a cikinsa fa?

Karon farko ki dafa su daban. Abin da ke cikin ciki yana shan ruwan ɗanyen nama, don haka shi ma dole tsakiyarsa ta kai 74, kafin nan kuwa ƙirji ya daɗe da bushewa. In ɗanɗanon kike so, ki dafa shinkafarki da romon wuya da ƙundu.

Na yanka na ga ja-ja kusa da ƙashi. Ɗanye ne?

In ma'auni ya nuna 74, ya nuna. Talotalon kanti 'yan watanni ne da ƙyanƙyashewa, ƙashinsa bai gama tauri ba, launin ɓargo yana fitowa ya rina naman da ke kusa, musamman wanda ya sha firiza. Mu da muka saba da nama sai ya yi ligif, wannan yana ɗaga mana hankali. In baƙinki ba za su iya ba, ki yanka cinyoyin ki ɗan juya su a kasko.

Ya fito, yara sun kewaye ni. In yanka?

Ki kore su na minti 30 zuwa 40. In kika yanka da zafinsa, romon a kan katako zai ƙare. Ba zai huce ba, tsuntsu mai wannan girman yana riƙe zafi fiye da awa. Kada ki lulluɓe shi ruf, tururi zai kashe miki fatar da kika yi kwana biyu kina gyarawa.

Wurin yanka, ki manta da hotunan da ake yanka shi a kan tebur. A kicin za ki yi: ki cire ƙafafu ta gaɓa, ki raba cinya da ƙwauri, ki cire fukafukai, sannan ki bi gefen ƙashin tsakiya da wuƙa ki ɓamɓaro kowane ɓarin ƙirji gaba ɗaya, ki yayyanka shi a kwance, kowane yanki da fatarsa.

Yaya ake yin romon nan mai kauri da suke zubawa a kai?

Tun da safe ki dafa wuya da ƙundu da zuciya da albasa, ba gishiri. Hanta a bar ta daban, tana sa ɗaci. Bayan gashi ki juye ruwan faranti a kofi, kitse zai taso sama. Ki ɗebi kitsen babban cokali huɗu, ki soya fulawa cokali huɗu a ciki har ta yi launin ƙasa, ki riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan kina juyawa, kamar kofi huɗu. Ruwan farantin kuwa da ɗanɗanawa ake ƙara shi, don na talotalon da ya sha gishiri yana da zafin gishiri. A gidana ana ajiye wannan kusa da miyar tattasai, ga dafa-duka ga dakakken dankali, kuma kullum miyar ce ke riga ƙarewa.

Obena ƙarami ne, ko lokaci ya ƙure.

Ki farke shi. Da almakashin kicin mai ƙarfi ki yanke ƙashin baya ta gefe biyu, ki kifa shi ki danna ƙirji da tafin hannu har ki ji ƙas, ya baje kamar yadda masu gashin kaji ke yi a bakin titi. A digiri 220, na kilo 5 zuwa 6 yana nuna cikin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, kuma da yake cinyoyi sun fito fili, su da ƙirji kusan tare suke isowa. In ba hoton sukutum kike so ba, wannan hanyar ta fi kowacce. Mahauci ma zai farke miki in kin roƙa.

Na ga ana soya shi sukutum a tukunyar mai.

Ki bar wa masu shi. Ranar Bikin Godiya ita ce ranar da aka fi samun gobarar girki a gidajen Amurka, kuma talotalo mai ragowar ƙanƙara da aka tsoma a tafasasshen mai yana ambaliya ne ya kama da wuta nan take.

Ni ina Jos ne, za mu yanka na gida ranar Kirsimeti. Duk wannan ya shafe ni?

Rabi ya shafe ki. Talotalon da ya yi shekara yana kiwo a tsakar gida ba shi da wannan tulin ƙirjin, namansa ya fi ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma ya fi tauri, cinyarsa duk jijiya. In matashi ne ɗan wata shida ko bakwai, zai gasu sukutum. In tsoho ne, gishiri ba zai mayar da shi yaro ba: ki yayyanka, ki tafasa da kayan ƙamshi har ya yi laushi, sannan ki gasa ko ki soya ki juya a tattasai da attaruhu.

Kada a yanka da safe a gasa da rana. Tsoka tana sanƙarewa 'yan awanni bayan yanka, sai ta kwana cikin sanyi take saki. A yanka ana gobe ko ana jibi, a fige, a gyara, a shafa gishiri, ya kwana a firji. Abin lura shi ne wuta. Sanyin hunturu, ko na Jos ne, bai kai digiri 4 da ake buƙata ba. In lantarki ba tabbas, ki sa shi a leda mai kauri ki binne cikin ƙanƙara a babbar kula, kina ƙara ƙanƙarar kafin ta ƙare. In hakan ma ba zai yiwu ba, ki rarraba shi gaɓa-gaɓa, ki tsuma awa huɗu zuwa shida a ruwan gishiri mai ƙanƙara, ki gasa a kan gawayi, cinyoyi su riga ƙirji hawa.

Ya yi ragowa da yawa, wani ɓangaren ƙirjin kuma ya bushe.

Cikin awa biyu da fitowarsa ki zare naman daga ƙashi ki sa a firji cikin ƙananan robobi, in garin da zafi sosai kuwa cikin awa ɗaya. Yana kwana uku zuwa huɗu, abin da ya wuce haka sai firiza. Ƙasusuwan ki farfasa su ki yi farfesu da daddawa da citta ranar Juma'a, lokacin da kowa ya tafi layin rangwamen kantuna cikin sanyi.

Busasshen ƙirjin kuma kada ki zubar. Ki ɗan tafasa shi da albasa da attaruhu, ba ƙarin gishiri, har ruwan ya tsotse, ki daka a turmi ko ki murje da hannu, ki soya a mai kaɗan kina juyawa har ya wartsake. Dambun naman talotalo ke nan. Na shekarar farko da na ɓata, a haka muka cinye shi, har maƙwabciyata Ba'amurkiya ta aiko ɗanta da roba a ƙara mata.